Sharhi: Masu Ɓoye Cuta a Bakin Teku

A ranar 25 ga Mayun 1720 wani jirgin ruwa ya iso tashar Marsey ta ƙasar Faransa daga gaɓar Sham, maƙare da siliki da auduga. Birnin ba baƙon annoba ba ne, kuma yana da doka mai tsauri. Kyaftin ba ya taka ƙasa. A ƙaramin kwale-kwale zai zo gaban tagar ma'aikatan lafiya, a karɓi takardarsa da dogon awartaki, a tsoma ta cikin ruwan khal kafin wani ya taɓa. Jirgin da ake zargi kuwa, tsibirin Jar ake tura shi, can nesa da gari.

Jirgin nan na Sham ya yi gawarwaki a hanya, har da likitansa. Amma kayan da ke cikinsa na manyan gari ne, kuma babbar kasuwar shekara ta garin Boker, inda za a kai su, za ta ci a watan Yuli. Sai aka sassauta. Aka sauke dilolin a gidan killace na bakin gari, aka taƙaita zaman fasinjoji. 'Yan dakon da suka kwance dilolin suna cikin waɗanda suka fara faɗuwa, da zazzaɓi da kumburin kaluluwa a hammata da matsematsi. Zuwa ƙarshen Agusta, mutum dubu ke mutuwa a rana guda. Kusan rabin mutanen birnin suka tafi. Daga baya aka ƙone jirgin a Jar ɗin, bayan aikin gama ya gama.

Doka tana nan, gidan killace yana nan, ma'aikata suna nan. Abin da ya kashe Marsey shi ne ɓoyewa saboda kuɗi.

Ɓoyewar nan ce ta sake ɗaga kai a Bahar Maliya a 1865. Kwalara ta ɓarke a Makka lokacin aikin hajji, ta kashe alhazai kimanin dubu 15. Jiragen da suka kwaso masu komawa gida sun riƙa zubar da gawarwaki a teku, da suka iso Suwez sai matuƙansu suka ce lafiya lau. Me ya sa? Jirgin da aka tsare ba ya kawo kuɗi. Jirgin ƙasa ya ɗauki alhazan zuwa Iskandariya, Masar ta yi asarar mutum wajen dubu 60, cutar ta haye Bahar Rum ta sake shiga Marsey.

Daga nan ƙasashe suka taru a Istanbul a 1866, aka fara zancen tsare alhazai a hanya. Aka kafa sansanin killace a tsibirin Kamaran domin masu zuwa daga Indiya da Jawa, da wani a Ɗur Sina domin masu komawa arewa. A wannan sansanin na biyu ne, a 1905, aka gano nau'in ƙwayar kwalarar da ake kira El Tor, wadda har yau take damun duniya.

Kakanninmu ma sun ɗanɗana. Mai niyya ya bar Kano ko Damagaram da ƙafa, ya yi shekaru yana ƙwadago a gonakin audugar Gezira, ya iso Sawakin da ɗan guzirinsa ɗaure a lalita. Nan za a yi masa lamba, a tsare shi, ya biya kuɗin killace da na tikiti. Wanda aljihunsa bai kai ba, dillalai na jiransa. Cikin dare za su cusa shi a ƙaramin jirgin ruwa na sambuk, a zagaye likita, a sauke shi a wata gaɓar da ba kowa. Talakan nan abin tausayi ne. Dillalin da ya karɓi kuɗinsa ya ɓoye shi, shi ne abin tuhuma.

Kuma dillalin bai mutu ba, jama'a, ofis kawai ya sauya. Yau shi ne mai raɗa wa matafiyi cewa ba sai an tsira masa allura ba, ya kawo wani abu a buga masa hatimi a katin rigakafin cutar shawara. Kati ya cika, jini babu rigakafi. Haba! Allurar shawara sau ɗaya ake yi, ta wadatar har ƙarshen rayuwa, minti nawa za ta ci? Mai sayen katin nan gida zai dawo, ya kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yansa, sauron unguwa ya cije shi ya ciji maƙwabci.

Don Allah maniyyata da fatake, duk wanda zai yi tafiya bana ya je asibiti da ƙafarsa, ya naɗe hannun riga, a yi masa allurar a gaban idonsa kafin a taɓa katin.