Zuwa ga masu gonakin shanun tatsa

 

Wata saniya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na gan ta a wata gona a hanyar Zariya, ruwa-biyu ce, jinin Firisiyan da Bunaji. An zuba kuɗi wajen sayenta, amma tana tsaye a kan siminti jiƙe da fitsari da kashi, gefe ɗaya na hantsarta ya kumbura ya yi tauri, da zafi rau. Yaron da ke tatsa ya ɗaure mata ƙafafu saboda harbi, ya ce wai mugun hali gare ta. Ciwon hantsa ne ke cinta.

Wannan ciwo ta kan nono yake shiga, kuma sau da yawa hannun mai tatsa ne ke kai shi daga saniya zuwa saniya. A wanke hannu, kowace a goge ta da tsumma nata. Tatsar farko a yi ta a baƙin kofi: in an ga gudaji ko ruwa-ruwa ko jini, a ware saniyar, a tatse ta daga ƙarshe. Bayan tatsa ƙofar nonon takan jima a buɗe, don haka a tsoma shi a ruwan aidin, a zuba mata harawa ta ci a tsaye kamar minti 30 kafin ta kwanta.

Ku kuma tuna Firisiyan 'yar ƙasar Holan ce. Zafin Afrilu da Bunaji ke kiwo a cikinsa, ita haki take yi ta ƙi abinci. Tana bukatar inuwa, da wurin kwanciya busasshe, da ruwan da ba a ƙayyade ba, tunda kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne.

Sai abin da ya fi damuna: a yi wa saniya allurar oksitetirasaikilin da safe, da yamma nononta yana kasuwa. Matan da ke yin kindirmo sun san irinsa, domin ba ya kamawa yadda ya kamata. Yaranmu ne ke shan ragowar maganin nan.

Don Allah, a kira likitan dabbobi tun ciwo bai yi nisa ba, a zubar da nonon har kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin su cika.