Daga Gaban Allo: Makullin Ƙofa Ɗaya, Ba na Gida Duka Ba

 

A ranar 30 ga Satumba 2025 ne kamfanin AOL na Amurka ya rufe hanyarsa ta shiga intanet ta layin tarho, bayan ya yi shekara fiye da 30 yana gudanar da ita. Yaran da muke koyarwa a yau ba su taɓa jin kukan modem ba, wannan ƙara mai kama da ta gyare da takan tashi in kwamfuta ta buga lamba tana neman shiga. Mu kuwa labarin ya tuna mana da wata rigima da aka yi a gabanmu, wadda darasinta bai tsufa ba.

Ƙasarmu Gana ta sami cikakken haɗin intanet a 1995, ta hannun kamfanin Network Computer Systems na Dakta Nii Quaynor, amma an ɗauki shekaru kafin abin ya iso zango. Sa'ad da muka fito daga kwalejin horon malamai aka tura mu wata makaranta a Kumasi, sai muka tarar wani ɗan unguwa da ke zaune a Turai ya aiko da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka tare da modem ɗinta. Manhajar Debian ce a cikinta, ɗaya daga cikin ire-iren Linux. Layin tarho ɗaya ne tal a ofishin hedimasta, kuma gudun modem ɗin bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, wato hoto mai nauyin megabait 1 sai ya ci wajen minti biyu da rabi kafin ya sauko.

To, kowane malami yana da sunansa a kwamfutar, yana iya buga takardun jarrabawa, amma in ya nemi ta buga waya sai ta ƙi. Dalili kuwa shi ne, a tsarin Linux akwai babban mai iko guda ɗaya da ake kira root, sauran duka talakawa ne. Buga waya yana buƙatar a buɗe ƙofar da modem yake, a kuma sauya hanyar da saƙonni ke bi su fita daga kwamfutar, waɗannan kuwa ba a bar wa talaka su ba. Malamin lissafi kaɗai ke riƙe da kalmar sirrin root.

Ana nan sai aka yi masa rasuwa, ya tafi Bawku ya yi mako biyu. A cikin waɗannan kwanaki ne wa'adin aika takardun neman tallafin karatu na wata ɗalibarmu ya cika. Ga kwamfuta, ga layi, ga takardu a buge, amma babu mai ikon cewa ta buga. Kafin a yi dabarar zuwa shagon intanet a cikin gari, lokaci ya ƙure. Yarinyar nan ta rasa wannan dama muna ji muna gani.

Da ya dawo aka yi taron malamai, aka rabu gida biyu. Wasu suka ce a rubuta kalmar sirrin a takarda a manna a bangon ofis kowa ya huta. Shi kuma ya ce, “Malamai, in kun yi haka kun ba kura ajiyar nama. Mai kalmar root yana iya karanta jarrabawar kowa, yana iya share kwamfutar nan kaf da umarni ɗaya ko da bisa kuskure ne.” Kowa da gaskiyarsa, amma kowa ya hango rabi ne.

Ashe waɗanda suka tsara Debian sun riga sun yi tunanin wannan matsala. Sun tanadi wani rukuni mai suna dip. Duk wanda root ya sa sunansa a ciki da umarnin adduser, in ya fita ya sake shiga, to yana iya rubuta pon layi ya haɗu, ya rubuta poff ya yanke. Iyakar ikonsa ke nan. Lambar da za a buga root ne ya riga ya ajiye ta, kalmar sirrin kamfanin intanet kuma tana cikin wani fayil da root kaɗai ke iya buɗewa, saboda haka malami zai shiga intanet ba tare da ya taɓa ganinta ba, balle ya kai ta gida. Da yake kuɗin tarho da minti ake lissafa shi, sai aka sa layin ya riƙa yanke kansa in an bar shi ba a aiki, kwamfutar kuma tana rubuta mintocin da kowane kira ya ci. Malamai huɗu aka sa a rukunin, rigima ta mutu.

Modem na layin tarho ya zama tarihi, amma mu dubi ƙungiyoyinmu na zango. Asusun kuɗin waya na kwamitin masallaci, akwatin imel na makaranta, shafin Facebook na ƙungiyar matasa, sau da yawa ko dai mutum ɗaya ne ya ƙanƙame su, ranar da ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo komai ya tsaya, ko kuma an raba lambar sirri ga kowa, ranar da aka yi ɓarna a rasa wanda za a tambaya. Shawararmu ita ce a zauna a rubuta aikin da kowa ke buƙatar yi, a ba shi ikon wannan aiki kaɗai da sunansa, babban makulli kuma ya kasance a hannun amintattu biyu, ba ɗaya ba. Mai gida mai hankali yakan ba ɗan haya makullin ɗakinsa da na zaure, ba ya ba shi na rumbu, ba ya kuma kulle shi a waje in zai yi tafiya.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.