Sanarwar Bayan Taro Kan Ciwon Dajin Hanta Da Sabuwar Hanyar Tsara Tiyata

Mu ma'aikatan lafiya 'yan asalin Gwaram da Birnin Kudu mun yi zaman ƙungiyarmu a garin Maruta. Abin da ya tara mu shi ne ciwon dajin hanta, da wata fasahar tsara tiyata da masu bincike a jami'o'in Magdeburg da Mainz na ƙasar Jamus suka yi aiki a kanta.

Taron ya saurari bayanin yadda abin yake. Ana ɗaukar hoton CT na majinyaci, kwamfuta ta gina siffar hantarsa da tsayinta da faɗinta da zurfinta. Likitoci sai su sa tabarau na musamman, su ga hantar a gabansu, su juya ta, su bi jijiyoyin jini da hanyoyin matsarmama, su ja layin inda wuƙa za ta bi. Wanda ke wani gari ma yana iya shigowa ta intanet ya nuna da hannunsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hanta kashi 8 ce bisa rabon likitan Faransa Claude Couinaud, kuma jijiyoyin wani ba su bin hanyar na wani. Hanta tana sake tsirowa, amma in aka yanke fiye da kima, abin da ya rage ba zai riƙe mutum ba, balle hantar da ta riga ta ƙanƙance.

Taron ya yaba, ya kuma yi kira ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su duba yiwuwar gwada fasahar tare, ko da a koyar da matasan likitoci ne tukuna. Sai an tanadi wuta da intanet mai ƙarfi.

Sai dai abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yawancin mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, bayan an daɗe ana shan jiƙon shawara. A lokacin babu abin da ya rage a tsara. Binciken ƙasa na 2018 ya gano kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ke iya jawo ciwon dajin hanta, alhali rigakafinta yana cikin alluran yara tun 2004.

Don haka taron ya amince mambobi su bi unguwa-unguwa tare da ungozomomi, don jaririn da aka haifa a gida ya sami allurar farko cikin awa 24. Muna roƙon masu unguwanni da limamai su ja hankalin wanzamai kan aska ɗaya ga mutum ɗaya, manoma kuma su busar da gyaɗa da masara sosai kafin a zuba a rumbu, saboda gubar fumfuna tana lalata hanta. Duk wanda gwaji ya nuna yana da ƙwayar, za mu riƙa bibiyarsa ya je hoton ciki bayan kowane wata 6.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare