Mota ta lalace, bashi bai ƙare ba: Mene ne mafita?

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, sayen mota kuɗi hannu ya gagari ma'aikata da dama a Najeriya. Da yawa sun koma karɓar mota ta hanyar banki ko dila suna biya kaɗan-kaɗan, ita ma gwamnatin tarayya ta kafa hukumar CREDICORP a 2024 domin faɗaɗa irin wannan lamuni.

Sai dai yawancin motocin da ake saya 'yan Kwatano ne, waɗanda suka sha tafiya kafin su iso. Idan inji ya buga ko giya ta tsaya, motar na gareji amma ƙarshen wata banki zai cire kuɗinsa.

Kuskuren farko

Abin da kan fara zuwa ran mutum shi ne ya daina biya har sai an gyara masa. Wannan ne mataki mafi haɗari.

A mafi yawan yarjejeniyoyi, bashi daban, lafiyar mota daban. Wanda ya daina biya za a iya kai sunansa ga kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi, abin da zai toshe masa ƙofar rance nan gaba. Haka kuma tun 2020 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba bankuna damar cire kuɗin bashi daga asusun mutum da ke wani bankin, idan ya sa hannu kan hakan lokacin karɓar rance.

Motar ta wace ce?

Kafin kiran bakanike, a ɗauko takardar yarjejeniya, domin ita ce ke nuna wanda nauyin gyara ke kansa.

Idan rance banki ya bayar ka sayi motar da kanka, rigimarka da dila ce. Idan murabaha ce, irin wadda bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa kamar Jaiz da TAJ ke yi, banki ne ya sayi motar ya sayar maka, don haka akwai hujjar tuntuɓarsa kan aibin da ta zo da shi, sai dai in takardar ta mayar da wannan nauyi kan dila. Idan kuwa ijara ce, motar mallakar banki ce har a gama biya, kuma a ƙa'ida babban gyara na kan mai kaya muddin ba sakacin mai haya ba ne.

Abin da doka ta tanada

Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye wata uku daga ranar da ya karɓi kaya ya mayar da su idan ba su kai ingancin da ya dace ba, a gyara, a canza ko a mayar masa da kuɗinsa. Amma wanda aka faɗa wa aibin ya yarda ya saya a haka, hujjarsa ta yi rauni.

Ga masu hayar da ke ƙarewa da mallaka kuwa, dokar 1965 ta ce wanda ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota, ba za a ƙwace ta daga hannunsa haka kawai ba tare da an bi ta kotu ba. Ta kuma ba shi damar mayar da motar ya fita daga yarjejeniyar, amma sai ya cika rabin kuɗin.

Inshora fa? Ta naira 15,000 da aka saba yi, ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya. Ko babbar ma galibi haɗari da gobara da sata take ɗauka, ban da lalacewar inji.

Matakan da suka rage

A samu rahoton bakanike a rubuce, da hotuna da rasit. A rubuta wa dila da banki takarda, kada a tsaya ga kiran waya. In akwai garanti, kada a bari wani ya kwance injin kafin dila ya gani.

Ana iya neman banki ya tsawaita lokacin biya, ko ya amince a sayar da motar a biya shi ragowar. Sayar da ita a ɓoye kuwa na iya kai mutum gaban alƙali. In banki ya yi biris, akwai sashen kare masu hulɗa da bankuna a CBN. In dila ne, sai FCCPC.

Ga wanda bai riga ya sa hannu ba, rigakafi ya fi magani: ya je da nasa bakaniken ya duba motar, ya kuma tambayi wanda zai ɗauki nauyin gyara kafin ya karɓi makulli.