Ofisoshin Haɗaka: Mafakar Masu Sana'a a Zamanin Tsadar Lantarki

A 'yan shekarun nan, wani salon aiki yana ƙara samun gindin zama a Legas da Abuja da Kaduna da Kano. Maimakon mutum ya kama hayar ofishi sukutum, ya biya kuɗin shekara a dunƙule, sai ya biya kuɗin teburi na yini ko na wata a wani gini da ake tarayya a cikinsa, inda zai tarar da lantarki da intanet da ɗakin taro. Masu tsara manhaja da akantoci da lauyoyi masu tasowa da masu tallata haja ta intanet su suka fi cika waɗannan wurare.

Tsarin ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwa. A Kantin Kwari, an daɗe ana ganin mutum biyu ko uku sun haɗa kuɗin shago ɗaya, ko ɗan tebur ya raɓu da ƙofar wani babba har ya kafu. Abin da ya sauya shi ne hajar: yanzu ilimi da ƙwarewa ake sayarwa.

Daga cikin wuraren da suka share fage akwai CcHUB da ke unguwar Yaba a Legas, wadda Mark Zuckerberg na Facebook ya ziyarta a 2016. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Bosun Tijani, ya zama ministan sadarwa a 2023. A Arewa kuwa, an buɗe CoLab a Kaduna a 2016, ta kuma zama matattarar matasa masu koyon fasahar kwamfuta.

Babban abin da ke tura jama'a can shi ne lissafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta saboda kwamfuta ɗaya ya zama asara. A watan Afrilun 2024 kuma, aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa. Ko a watan Oktoban 2024, da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, duk wanda abincinsa ya rataya a kan kwamfuta ya ga darajar wurin da ke da sola. Idan mutum talatin suka raba kuɗin wuta da intanet da maigadi, nauyin kowa ya ragu, domin hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Sai dai ribar da ta fi ɗorewa ita ce zama da mutane. Matashin da ya iya gina shafin intanet yakan rasa mai yi masa lissafin haraji, ga shi kuma akanta na zaune a teburin da ke gefensa. Ta haka ake miƙa wa juna aiki, ake shaidar juna a wurin masu ba da kwangila. Wasu wuraren ma kan ba da adireshin da ƙaramin kamfani ke buƙata wajen rajista da hukumar CAC.

Duk da haka, kasuwancin yana da rauni a tushensa. Mai wurin yana ɗaukar hayar gini ta dogon lokaci, yayin da abokan hulɗarsa ke iya tafiya a ƙarshen kowane wata. Wannan giɓi na cikin abin da ya durƙusar da kamfanin WeWork na Amurka, wanda aka yi wa ƙimar dala biliyan 47 a 2019, amma ya shigar da takardun karayar arziki a watan Nuwamban 2023. A Najeriya, ga tsadar dizal da faɗuwar naira da ke ninka farashin batura da allunan sola. In mai wuri ya ƙara kuɗi, matasa su watse. In ya bari, jarinsa ya narke. Shi ya sa wurare da dama ke jingina da tallafin ƙungiyoyi da kuɗin horarwa, wanda kuwa ba kullum yake zuwa ba.

A nan ne hukuma ke da rawar takawa. Dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha da aka sanya wa hannu a watan Oktoban 2022 ta buɗe ƙofa, amma aiwatarwa ce ma'auni. Gina katafariyar cibiya a yanke mata kyalle a tafi ba ya haifar da al'ummar masu sana'a. Zai fi amfani jihohi su ba da hayar gine-ginen gwamnati da ke zaune babu kowa a farashi mai rahusa, su rage harajin shimfiɗa wayoyin intanet, su bar ragamar gudanarwa a hannun masu sana'ar.

Su ma attajiran kasuwa, da suka saba zuba dukiya a shaguna da filaye, suna da abin dubawa. Bene guda mai tsayayyar wuta a tsakiyar gari zai iya riƙe matasan da ke shirin tattara komatsansu zuwa Legas ko ƙetare, ya kuma samar wa kasuwar kanta masu kula da lissafinta da tallanta a kusa.