Zaman numfashi a fili: me zai yi mana, me ba zai yi ba

Wata uwa takan zo mana gwajin jini duk wata. Ba ta cin gishiri da yawa, maganinta ma ba ta fashin sha, amma jininta ya ƙi sauka. Rannan na tambaye ta, "Mama, kina samun barci?" Ta ce tun da aka yi harbi a bayan gidansu, ko kwano ya faɗi sai gabanta ya faɗi.

Irinta suna da yawa a ƙasarmu. Mutanen Salaga ba su manta da yaƙin 1994 ba, wanda ya taso daga gardama kan zabuwa a kasuwar Nakpayili. Yendi ta ga kisan Ya Na Yakubu Andani II a watan Maris 2002, ta kuma jira har Janairu 2019 kafin a naɗa Ya Na Abukari II. A Bawku kuwa, rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sa yara da yawa sun tashi cikin dokar hana fita.

Tsoro yana da aiki a jiki. Idan mutum ya firgita, jiki yakan saki wani sinadari da ake kira adiranalin. Zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su matse, numfashi ya gajarce. Wannan yana da amfani ga mai gudun ceton rai. Amma idan jiki ya zauna haka wata da watanni, sai ciwon kai, rashin barci, ciwon wuya, da jinin da ya wuce 140 bisa 90.

Shi ya sa nake goyon bayan mu riƙa taruwa a fili da sassafe, mu miƙa jiki, mu yi numfashi a hankali, mu zauna shiru. Wasu suna kiran wannan yoga. Asalinsa daga Indiya ne, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa ranar 21 ga Yuni tun 2014. Na san wasu dattawan ikilisiya da wasu malamai suna ɗari-ɗari da shi, domin a can gida yana haɗe da ibadar Hindu. Damuwarsu tana da tushe. A ganina mu ɗauki miƙa da numfashi, mu bar kirari da sunayen da ba namu ba. Lokacin shiru, kowa ya yi addu'arsa a zuci.

Ga yadda ake yi. Ka zauna a tabarma ko benci, bayanka a miƙe. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta a hankali kana ƙirga shida. Sakin iska mai tsawo yana rage gudun zuciya. Minti goma ya isa. Mai ciki da mai jiri kada su sunkuyar da kai ƙasa, kada kuma kowa ya riƙe numfashi. Mai shan maganin hawan jini ya ci gaba da sha, domin wannan ba ya maye gurbin ƙwaya.

Kada a ruɗe ku cewa zama a tabarma zai raba gardamar sarauta. Wannan aikin sarakuna ne da gwamnati, kamar yadda Asantehene Otumfuo Osei Tutu II ya jagoranci sasanta Dagbon. Abin da taron zai iya yi ƙarami ne: matar da ta daina gaida maƙwabciyarta za ta zauna kusa da ita na rabin awa, ba wanda ya ce ta yi magana.

Don haka wurin taron yana da muhimmanci ƙwarai. Idan aka yi shi a harabar coci ko masallaci, ko ƙofar gidan wani sarki, rabin gari ba za su zo ba. A nemi filin makaranta ko inuwar kuka da kowa yake bi ta wurin. Mata gefe, maza gefe, kowa da tufafinsa na yau da kullum. Ban da rigar jam'iyya, ban da jawabi. A Bawku a tabbata an sanar da jami'an tsaro tukuna, a kuma fara bayan an ɗage dokar hana fita da safe.