A Riƙa Tunawa Da Harawa Wajen Binciken Iri

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga masanan da ke binciken aikin gona a Samaru, da takwarorinsu na Shika masu nazarin dabbobi, duk a Zariya.

Ba na musun ƙoƙarinsu. A 2019 aka fito da waken nan SAMPEA 20-T, wanda tsutsar da ke cin fure da kwanso ba ta iya masa, har yawan feshi ya ragu. Allah ya saka da alheri.

Amma akwai wani hanzari ba gudu ba. In an fito da sabon iri, abin da ake fara faɗa mana shi ne buhu nawa yake bayarwa. Mu kuwa a ƙauye girbi biyu muke yi a gona ɗaya, na mutane da na dabbobi. Bara na shuka wani wake mai saurin nuna da na saya a kasuwa. Ya yi 'ya'ya kam, amma harawarsa ko tsakiyar rani ba ta kai ni ba. Kafin ruwa ya sauka sai da na karyar da tumaki biyu na sayi dusa don in riƙe sauran. To ina ribar?

Na san cibiyar IITA ta Kano ta daɗe tana aiki kan wake mai ba da ƙwaya da harawa tare. Irin wannan ya kamata a sa a gaba, a yi haka ga gyaɗa da dawa, kuma irin ya iso kasuwar ƙauye.

Jama'a, maganar ba ta tsaya ga dabba ba. Wuta-wuta da ke cinye mana dawa da gero ta fi ƙarfi ne a gonar da ta gaji. Takin zamani ya fi ƙarfin talaka, sai takin gida, kuma dabbar da ba ta ƙoshi ba wane taki za ta bayar? Wanda ya sayar da tumakinsa da rani, gonarsa ce za ta biya da damina.

Sai kuma annobar nan ta awaki da tumaki mai sa zawo da majina. Cibiyar Vom ta Jihar Filato tana yin allurar rigakafinta, amma allurar sai da sanyi, kuma kwalba ɗaya ta dabbobi masu yawa ce. Matar da ke da awaki uku a ƙauyen da ba wutar lantarki, yaya za ta yi? Tunda aka iya kawar da bushiya daga duniya a 2011, ashe wannan ma ba ta gagara ba.

Ina roƙon masu binciken su riƙa zuwa wurinmu a watan Afrilu, lokacin da harawa ta ƙare, ba sai da kaka kaɗai ba.

Naka,
Wani manomi daga Malumfashi, Jihar Katsina.